Ɓoyewa Daban, Kullewa Daban: Tsare Fayil a Kwamfutar da Kowa Ke Taɓawa

 

Yau ba ni da baƙo. Ni kaɗai ce, domin maganar da zan yi ta samo asali ne daga wani kuskure da na tafka da hannuna, kuma na daɗe ina jin nauyin faɗarsa. Maganar ita ce: yaya mutum zai hana wani buɗe wani fayil a kwamfutarsa? Na san wani zai ce wannan ai zancen 'yan kwamfuta ne. Ku dai ba ni 'yan mintoci.

Kun san irin aikin da muke yi a ƙungiyarmu ta matasa. Idan aka ci zarafin yarinya, mukan raka iyayenta asibiti, mu raka su wajen hukuma, mu nemo musu lauya in da hali. Wajen shekara biyu da suka wuce wata uwa ta zo mana da 'yarta. Ni na zauna da su, ni na rubuta bayanin yarinyar a kwamfutata: sunanta, unguwarsu, wanda ake zargi, da abin da likita ya faɗa. Da za su tafi uwar ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, ko dangin ubanta ba su sani ba. Don Allah kada maganar nan ta fita." Na ce, "Mama, ki kwantar da hankalinki, babu mai ji."

To me na yi da fayil ɗin? Abin da da yawanmu muke yi. Na canza masa suna, na cusa shi can cikin foldar tsohon furojet ɗina na jami'a, na danna masa abin nan da ake ce wa Hidden, ya ɓace daga ido. Na ji a raina na yi dabara.

Bayan 'yan makonni ƙanina, wanda yake shekarar ƙarshe a makaranta, ya ce, "Yaya, ara min laftof ɗinki in duba yadda kika tsara furojet ɗinki." Na miƙa masa, a buɗe, kamar yadda na saba. Shi kuma ya kwafe foldar gaba ɗaya a filashi ya tafi shagon buga takardu. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, idan ka kwafi folda, har abin da ka ɓoye a cikinta yake bi. A shagon suka zuba foldar a kwamfutarsu, kuma tasu an saita ta tana nuna ɓoyayyun fayiloli. Wanda ya buɗe, da wanda ya fara kai labari, Allah kaɗai ya sani. Cikin mako guda zancen ya zagaye unguwarsu yarinyar.

Uwar ta kira ni a waya. Ba ta zage ni ba, kuma wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Cewa ta yi, "'Yar nan, mun gode da ƙoƙarinki, amma mun bar wa Allah." Suka janye ƙarar, suka mayar da yarinyar wani gari wajen 'yan uwa.

Babu wanda ya yi min kutse. Babu wani ɗan damfara daga wata ƙasa. Ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma bai ma san fayil ɗin yana ciki ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa da hannuna na tsaga bangon.

Daga nan na zauna na koyi abin da ya kamata in koya tun farko, shi ne zan raba da ku yau.

Mu fara da gaskiyar rayuwarmu. Kwamfuta a gidajenmu ba ta mutum ɗaya ba ce. Laftof ɗaya ce, Yaya zai yi aikin ofis, ƙanwa za ta cike fom ɗin JAMB, yara za su kalli fim, maƙwabci zai aiko a ara masa. In ta lalace a kai ta kasuwa a bar wa mai gyara ta kwana biyu, har da kalmar sirri a rubuce a 'yar takarda. A cikinta kuma akwai hoton katin NIN ɗinka, takardar banki, sakamakon asibiti, hotunan iyali, da bayanan mutanen da suka ba ka amana. Shi ya sa tambayar ba ta tsaya kan baƙo kaɗai ba.

Ku ɗauki kwamfuta kamar gida. Akwai ƙofar zaure, akwai ɗakin kowa, akwai mai gadi, akwai kuma akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Kowanne da aikinsa, kowanne da iyakarsa.

Amma kafin nan, bari in gama da zancen Hidden. Ɓoye fayil kamar tura kuɗi ne ƙarƙashin katifa. Duk wanda ya buɗe folda ya hau View ya danna Hidden items, shi ke nan ya ɗaga katifar. Ko bai yi haka ba, Word da kansa yana jera sunayen takardun da aka buɗe kwanan nan, Windows ma haka. Canza suna ma ba ya hana komai. Ka sa wa fayil suna "lissafin gawayi", mutum ya danna sau biyu, ya ga abin da ke ciki. Akwai kuma ƙananan manhajoji da ake saukewa kyauta masu cewa suna kulle folda. Da yawansu ɓoyewar nan dai suke yi, sai su ɗora maka akwatin rubuta kalmar sirri don ka ji daɗi.

To mataki na farko, ƙofar zaure da ɗakin kowa. Windows yana ba da dama kowane mutum ya samu nasa asusun a kwamfuta ɗaya. Ka shiga Settings, ka shiga Accounts, ka nemi Other users, a Windows 10 kuma an rubuta Family & other users. Ka buɗe wa 'yan gida asusu daban. Abin lura a nan, asusu iri biyu ne: akwai Administrator, wato mai gida, akwai Standard, wato wanda aka ba ɗaki. Kai ka zama mai gida, sauran ka bar su a Standard. Mai asusun Standard ba zai iya leƙa Documents ɗinka ko Desktop ɗinka ba sai da kalmar sirrin mai gida. Da a ce haka na yi, ƙanina zai shiga nasa ɗakin, ni kuma in tura masa furojet ɗin kaɗai.

Sai dai akwai wani tarko da ya shafe mu sosai. Masu gyara sukan raba mana faifan ajiya gida biyu, C da D, su ce ka riƙa zuba kayanka a D don kada su salwanta ranar da za a yi fomatin. Shawarar tana da amfaninta, amma ku sani D tsakar gida ce. Yawanci duk mai asusu a kwamfutar yana iya shiga ya buɗe abin da ke wurin. Don haka abin sirri ba ya zama a D haka kawai.

Sannan ku saba da maɓallai biyu: na Windows da harafin L. Ka danna su tare, fuskar kwamfuta ta kulle nan take. Za ka tashi alwala, za ka leƙa ƙofa, za ka amsa waya, danna su. Daƙiƙa ɗaya ce.

Mataki na biyu, mai gadi. A kan kowane fayil ko folda, in ka danna dama ka shiga Properties, za ka ga wani shafi mai suna Security. A nan ake rubuta wa aka yarda ya karanta, wa aka yarda ya gyara, wa aka hana. Kana iya cire asusun yara daga wata folda da ke D, ka bar naka kaɗai. Yana aiki, kuma ya isa ya tare mai shisshigi na yau da kullum.

Gargaɗi biyu a nan. Na ɗaya, kada ka ga Everyone ko Users ka danna musu Deny kana murna. Kai ma kana cikinsu, kuma a tsarin Windows hani yana rinjayar izini, sai ka wayi gari ka kulle kanka a waje. Na biyu, wannan mai gadin yana aiki ne kawai muddin Windows ɗinka ne ke tafiyar da kwamfutar. Wani mai asusun Administrator yana iya ƙwace mallakar foldar ya buɗe. Wanda ya ciro faifan ya jona a wata kwamfutar, ko ya tayar da taka da Linux daga filashi, zai wuce kamar babu kowa a ƙofa. Kuma izinin nan na faifan da aka tsara da NTFS ne. Yawancin filashinmu FAT32 ne ko exFAT, ba su san wani izini ba. Ka kwafi fayil zuwa filashi, mai gadi ya tsaya a gida, fayil ya fita shi kaɗai.

Wannan ya kawo mu kan mataki na uku, wanda shi ne zuciyar shirin yau: akwatin ƙarfe.

Kun tuna zaurance? Yadda muna yara muke cusa wasu gaɓoɓi a cikin magana don kada manya su gane me muke cewa? To akwai zaurancen kwamfuta, masana suna ce masa inkirifshin. Ana ɗaukar abin da ke cikin fayil a dagula shi da lissafi, ya koma tarkacen da ba ya karantuwa, kuma ba ya dawowa daidai sai da mabuɗi. Bambancinsa da namu na yara shi ne, namu Umma tana ganewa ta yi shiru ne kawai. Wannan kuwa, tsarin da aka fi amfani da shi ana kiransa AES. Wasu masana biyu 'yan ƙasar Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, su suka ƙirƙiro shi, Amurka ta amince da shi a matsayin ma'auni a 2001, kuma da shi bankuna da gwamnatoci suke aiki har yau. Kyawunsa shi ne kwaɗon yana jikin fayil ɗin. A kwafe shi a filashi, a tura shi ta WhatsApp, a sace kwamfutar ɗungurungum, duk inda ya je a kulle yake.

Hanya mafi sauƙi tana cikin Word da Excel da kuke amfani da su kullum. A Word: File, sai Info, sai Protect Document, sai Encrypt with Password. A Excel kuma Protect Workbook ne, sannan Encrypt with Password. Ka rubuta kalmar sirri sau biyu, ka adana. Minti ɗaya bai cika ba. Wannan minti ɗayan shi ne ban yi ba a kan bayanin yarinyar nan. Tun daga Office 2007 AES ake amfani da shi a nan, don haka ka tabbata fayil ɗinka sabon tsari ne mai ƙarewa da docx ko xlsx, domin kullen tsohon doc mai rauni ne. Kada kuma ku rikita shi da Restrict Editing ko Protect Sheet. Waɗannan gyara kawai suke hanawa, mutum zai karanta komai tsaf.

To in hotuna ne fa, ko bidiyo, ko takardu da yawa a haɗe? Nan sai 7-Zip. Manhaja ce ta kyauta, wani ɗan Rasha mai suna Igor Pavlov ya fitar da ita tun 1999, kuma ba ta da nauyi. Ka sauke ta daga shafinta na asali. Ka danna dama a kan foldar, a Windows 11 sai ka fara danna Show more options, ka zaɓi 7-Zip, sai Add to archive. A wurin tsari ka zaɓi 7z, ka rubuta kalmar sirri, za ka ga an rubuta AES-256. Sannan, don Allah, ka sa alama a Encrypt file names. In ba ka sa ba, mutum ba zai buɗe fayilolin ba amma zai ga sunayensu, kuma wani lokaci suna kaɗai ya isa tonon asiri. Ka yi tunanin fayil mai suna "sakamakon gwajin wance". Ai an gama magana. In kuma zip ka zaɓa maimakon 7z, ka duba da kyau, akwai wani tsohon kulle mai suna ZipCrypto, ka canza shi zuwa AES-256.

Kuskuren da aka fi yi a nan: mutum ya kulle kwafi, ya bar na asali a zaune a inda yake. 7-Zip sabon ƙunshi yake yi maka, ba ya taɓa na farko sai ka ce masa. Ka gwada buɗe ƙunshin ka tabbatar yana aiki, sannan ka goge na asalin, ka kuma zubar da Recycle Bin. Ka leƙa Downloads ma, sau da yawa akwai wani kwafin a can da ka manta da shi.

Ga wanda aikinsa kullum da bayanan mutane ne, irinmu 'yan ƙungiyoyi, 'yan jarida, ma'aikatan lafiya, lauyoyi, ina ba da shawarar VeraCrypt. Ita ma kyauta ce. Ta fito a 2013, ta gaji wata tsohuwar manhaja mai suna TrueCrypt wadda masu ita suka daina kula da ita a 2014. Abin da take yi shi ne ta gina maka akwati guda, ka ce mata girmansa, misali gig 5. In ka buɗe shi da kalmar sirri sai ya bayyana kamar ka jona filashi, ka yi aikinka a ciki kai tsaye. In ka gama ka rufe, ya koma dunƙulen fayil ɗaya da ba ya karantuwa. Ita nake amfani da ita yanzu. Duk bayanin da aka ba ni amana, a cikin akwatin nake fara rubuta shi, ba ya taɓa sauka a waje.

Wani zai ce, ai Windows ma yana da nasa. E, yana da shi. A Properties, in ka danna Advanced, akwai Encrypt contents to secure data. Sunansa EFS, yana nan tun Windows 2000. Amma ku saurara da kyau kafin ku taɓa shi. In Windows ɗinka Home ne, za ka ga wurin ya dushe, ba ya dannuwa. In kuma Pro ne, mabuɗin yana ɗaure ne da asusunka. Ma'ana, in ka miƙa wa mutum kwamfuta kana ciki, fayil zai buɗe masa ba tare da tambayar komai ba. In ka tura fayil ɗin ta imel, a buɗe zai tafi. Mafi muni, ranar da mai gyara ya yi maka fomatin, in ba ka fitar da kwafin mabuɗin ka ajiye a wani wuri ba, fayilolinka suna nan a D kana kallonsu, amma sun tafi har abada. A ƙasar da maganin kowace matsalar kwamfuta shi ne "a yi mata fomatin", ni dai ba na ba sabon shiga shawarar EFS.

Akwai kuma BitLocker, wanda yake kulle faifan gaba ɗaya. Masu Mac nasu FileVault ne. Wannan maganin ɓarawo ne da wanda zai ciro faifai. Yana taimakawa kuma ta wani ɓangaren: fayil ɗin da ka goge ba ya gushewa nan take daga faifai, akwai manhajojin da ke dawo da shi, amma in faifan duka a kulle yake, wanda ya tsinci kwamfutarka ba zai tono komai ba. In ka kunna shi zai ba ka mabuɗin ceto mai lamba 48. Ka rubuta shi, ka adana shi a wajen kwamfutar. Wasu sababbin kwamfutoci ma da shi suke zuwa a kunne, mabuɗin yana cikin asusunka na Microsoft, ka je ka duba tun kafin ranar da za a tambaye ka. Sai dai shi ma, da zarar ka shiga ka miƙa wa wani, aikinsa ya ƙare. Shi ya sa ake haɗa su: katanga ta kewaye gida, akwati kuma a cikin ɗaki.

Yanzu kalmar sirri. Akwatin ƙarfe da kwaɗon langa-langa ai wasa ne. Lamba huɗu hanyoyi 10,000 kacal gare ta, kwamfuta za ta gwada su duka kafin ka kurɓi shayi. Ranar haihuwarka, lambar wayarka, sunan ɗanka, sunan wadda kake so, waɗannan su ɗan gida zai fara gwadawa, don ya san su. Abin da ya fi shi ne tsawo. Ka haɗa kalmomi biyar ko shida na Hausa da ba su da alaƙa da juna, irin su tukunya, jirgi, alkama, damina, makulli, ka sa lamba a tsakani. Kada ka ɗauki waɗannan da na faɗa, ka nemi naka. Kada kuma ka ɗauki karin magana ko baitin waƙa da kowa ya sani.

Kuma ku riƙe wannan: in ka manta kalmar sirrin fayil ɗin da ka mayar zaurance, babu mai buɗe maka. Microsoft da kansu suna faɗa maka haka lokacin da kake sa ta. Don haka ka rubuta ta a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun gida ko na fili, ba a jikin laftof ba. In bayanan ƙungiya ne, mutum biyu amintattu su san ta. Rai a hannun Allah yake. Kada ka tafi ka bar mutane da akwatin da babu mabuɗi. Ka kuma ajiye kwafin kullallen fayil ɗin a wani wuri daban, domin kwaɗo ba ya hana faifai lalacewa.

Wani ɗalibi ya turo tambaya a makon jiya, ya ce zai kai laftof gyara, me zai yi? Ɗan uwa, in tana tashi, ka kwashe abin sirri ka kulle shi tun a gida. Ka fita daga WhatsApp da imel da ke buɗe a cikinta. Ka buɗe wa mai gyara asusu na daban, kada ka ba shi naka. In gyaran allo ne ko batir ko madannai, ka tsaya a yi a gabanka in zai yiwu. Mafi yawan masu gyara mutanen kirki ne masu neman halak ɗinsu, amma shago wuri ne da hannaye da yawa ke shiga. Ka kuma yi hattara da manhajojin sata da ake loda mana kyauta. In akwai ƙwayar cuta mai leƙen abin da kake bugawa, to tana ganin kalmar sirrinka lokacin da kake rubuta ta, kuma babu kwaɗon da zai cece ka.

Saura abu ɗaya, kuma a ganina ya fi duk waɗannan wuya a wajenmu: kunya. Yayanka ya ce ba ni fasuwod ɗinka, ka ce a'a? Ƙawarki ta ce, "Au, ni ce za ki buɗe wa wani asusu daban? Me kike ɓoyewa?" Na sha wannan tambayar. Ƙanina ma da farko ya ji haushi. Abin da na ce masa shi ne: abin da ke ciki ba nawa ba ne, ballantana in ba ka. Na mutane ne. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Likita ba ya nuna wa matarsa katin marasa lafiya, kuma ba don ba ya ƙaunarta ba. Da na yi masa bayani haka ya gane, yanzu ma shi yake koya wa abokansa.

Doka ma tana nan. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa. A watan Yunin 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, aka kafa hukumar NDPC don kula da ita. Dokar ta ɗora wa masu tattara bayanan mutane nauyin tsare su, kuma ta ba bayanan lafiya da makamantansu kulawa ta musamman. Mu 'yan ƙungiyoyi muna yawo da sunayen zawarawa da marayu, lambobin waya, lambobin asusun banki, duk a Excel ɗaya a buɗe, muna tura shi a guruf. Mu da muke fita muna neman a kare haƙƙin mutane, bai kamata a ce ta hannunmu asirinsu yake tonuwa ba.

Ga aikin gida, kuma yau nake so a yi shi, ba gobe ba. Ka buɗe kwamfutarka, ka tambayi kanka: wane fayil ne in ya fita zai cutar da ni ko da wani? Ba za su fi biyar ko goma ba. In takardar Word ce ko Excel, sa mata kalmar sirri yanzu. In hotuna ne ko tarin takardu, 7-Zip. Ka goge na asali. Ka buɗe wa 'yan gida asusunsu. Abin da kuma ba ka buƙatarsa, kamar hoton katin wani da ka karɓa tun bara don cike fom, ka goge shi kawai. Abin da babu shi ba ya fita.

Kwanakin baya na samu labarin yarinyar nan ta koma makaranta a garin da take. Na yi murna, amma ban kira uwar ba. Ban ga da wace fuska zan kira ta ba tukuna. Abin da na iya shi ne wannan da nake yi yanzu.

In kun gwada kun maƙale a wani wuri, ku rubuta a ƙasa, ku faɗi irin Windows ɗinku, zan amsa gwargwadon abin da na sani. Don Allah kada kowa ya rubuta kalmar sirrinsa a wurin sharhi, na ga an taɓa yi. Ku tura wa sakataren ƙungiyarku wannan shiri, da duk wanda kuka san yana riƙe da bayanan mutane. A mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauko wayar hannu, domin abin da ke cikinta ya ninka na kwamfuta.